Fantôme: Kalmar da Ta Tsaya a Kan Abin da Ido Ya Gani

Duk wanda ya zauna a ajin Faransanci, a Zinder ne ko a Maraɗi ko a Garwa, an koya masa cewa fatalwa ita ce *fantôme*. Fassarar ba ta kauce ba, amma ta rufe wani abu. Idan Bahaushe ya ce fatalwa, zancen mamaci yake yi: wane ya rasu, an kai shi makwancinsa, sai ga wani yana rantsuwa ya gan shi a bakin rijiya. Kalmar Faransancin kuwa, in aka bi sawunta har gida, babu mutuwa a cikinta, babu kabari, babu ruhi. Gani ne kaɗai a ciki. Tana shaida cewa wani abu ya bayyana wa ido, sai ta kame bakinta game da ko abin yana nan da gaske. Abin da nake so in tabbatar a wannan rubutu shi ne wannan kamewa ita ce ƙashin bayan kalmar tun daga Girkanci har zuwa yau, kuma saboda ita ne Faransawa, duk lokacin da suka so su ce mamaci ya dawo da kansa, sai sun nemi wata kalmar dabam.

Tushen yana cikin Girkanci. Akwai aikatau *phainein*, wato nunawa, fito da abu sarari inda haske zai same shi. Daga gare shi aka sami *phantazein*, sa abu ya bayyana, daga nan aka ƙera sunan *phantasma*, abin da ya bayyana. A wurin Aristotal, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, kalmar ba ta da haɗi da tsoro ko kaɗan. A littafinsa kan rai ya yi amfani da ita ga surar da ke wanzuwa a zuci bayan abin da aka gani ya bar ido, ya kuma tafi a kan cewa ɗan Adam ba ya iya tunani sai da irin wannan sura. Wanda ya runtse ido ya hango fuskar mahaifiyarsa, abin da ya hango ɗin shi ne *phantasma*. Malaminsa Aflaton ya fi shi zargin kalmar, domin a wurinsa ita ce irin hoton da ake gani a kan ruwa, mai kama da abu alhali ba shi ba ne. Sun saɓa a kan darajarta, amma sun haɗu a kan cewa sura ce ba jiki ba. Su kuwa matattu, tsohon Girkanci yana da nasu sunaye: a waƙoƙin Homer ana kiran mamacin da ke lahira *psyche* ko *eidolon*. Almajirin da ya karanta waƙoƙin Larabawan farko a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ya san ɗaifin masoyiya da ke ziyartar mawaƙi cikin dare alhali ita tana raye a wata ƙasa mai nisa, kuma daga kalmar *khayal*, wadda ake kiran wannan ɗaifi da ita, masu fassarar Bagadaza suka samo lafuzzan da suka juya wannan fanni na Aristotal zuwa Larabci.

Latin ya aro *phantasma* yadda take, kuma littafin Kirista ya taimaka wajen yaɗa ta. A Linjilar Matiyu da ta Markus, inda ake ba da labarin almajirai cikin jirgin ruwa sun hango malaminsu yana tafiya a kan tafki sun firgita, wannan kalma ce aka sa a bakinsu, a Girkanci da kuma fassarar Latin ta Jerome. Duk mai sauraro a coci ya san yadda labarin ya ƙare: almajiran sun yi kuskure. Ke nan a wurin da talakan Turai ya fi jin kalmar, ya ji ta ne a matsayin sunan abin da mutum ke zato idan tsoro ya rufe masa ido.

Sai dai akwai ƙulli a yadda ta shiga Faransanci. Da *phantasma* ta bi ƙa'idojin sauyin sauti da aka sani, da ba ta haifar da wasalin *o* a tsakiya ba. Bayanin da manyan ƙamusun asalin kalmomi suka fi karɓa shi ne akwai wani lafazi na baka, *phantagma*, wanda ya koma *fantauma* a bakin masu Latin na kasuwa. Ba a sami wannan lafazi a rubuce a tsohon zamani ba, masana ne suka sake gina shi, amma ginin yana da madogara. Kalmar Girkanci *sagma*, sirdin dabbar kaya, ta bi hanya ɗaya sak: ta zama *sauma*, sannan *somme*, wadda Faransawa ke kiran dabbar dako da ita har yau. Komawar *au* zuwa *o* kuwa ruwan dare ce a harshen, kamar yadda *aurum* ya zama *or*, zinariya. Harshen Oksitan na kudancin Faransa ma yana da *fantauma* ɗin. Wannan ne ya sa ake kyautata zaton ta Marsel kalmar ta shigo, birnin da Girkawan Fokaya suka kafa wajen shekara ta 600 kafin haihuwar Annabi Isa, inda aka daɗe ana jin Girkanci a bakin teku. In haka ne, *fantôme* ba ta hannun malamai ta zo ba, matuƙan jirgi da 'yan kasuwa ne suka kawo ta. A rubuce-rubucen ƙarni na 12 ana rubuta ta *fantosme*, kuma ma'anarta ta farko a can ita ce ruɗu, abin da ba shi da hakika, har da zancen banza. Harafin *s* ɗin ya ci gaba da zama a takarda ba a furta shi, har ƙamusun Majalisar Harshen Faransanci na 1740 ya cire irinsa daga ɗimbin kalmomi ya ɗora wa wasalin 'yar alamar da yaran makaranta ke kira hula. Malamai kuma sun sake aro kalmar kai tsaye daga littafi a siffar *fantasme*, wadda a ƙarni na 20 masu bin Freud suka keɓe ta ga abin da zuciya ke rayawa.

Wanda ya fi kowa dasa shakka a cikin wannan kalma ɗan Afirka ne. Augustine, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya rubuta ɗan littafi wajen shekara ta 421 kan kula da matattu. Tambayar da ke gabansa ita ce ko mamatan da ake gani a mafarki su ne da kansu. Ya ce a'a, kuma hujjarsa tana da ƙarfi har gobe. Ya ba da labarin wani tsohon ɗalibinsa, Eulogius, mai koyarwa a Kartej, wanda wani wuri a littafin Cicero ya shige masa duhu, ya kwanta, ya yi mafarkin Augustine yana warware masa shi. A daren nan Augustine yana Milan, a ƙetaren teku, bai san ana yi ba. To, in mai rai zai bayyana wa wani ba da saninsa ba, me zai sa a ce mamacin da ya bayyana ya san ya zo? Ya ƙara da hujjar da ta fi taɓa zuciya: da matattu suna da ikon ziyartar masu rai, da mahaifiyarsa Monika, wadda ta bi shi ta tudu da ta teku tana raye, ba ta bar shi dare ɗaya ba. Abin da ake gani, in ji shi, sura ce, ko ta zo ta hannun mala'iku ko shaiɗanu su yi wasa da ita. Wannan ra'ayi ya zama karatun malaman cocin Yamma na ɗaruruwan shekaru, kuma a Latin ɗinsu *phantasma* ta ƙara karkata zuwa ga ruɗun Shaiɗan.

Nan ne mai musu zai fara tsayawa, kuma da gaskiyarsa. Zai ce Faransawan tsakiyar zamani ba masu shakka ba ne, sun yarda da dawowar matattu ɗari bisa ɗari, kuma cocin da kanta ta ci moriyar wannan yarda. Haka ne. A farkon ƙarni na 11 Odilon, shugaban ruhubanawan Cluny, ya ware ranar 2 ga Nuwamba don yi wa dukan matattu addu'a. Magajinsa na ƙarni na 12, Pierre le Vénérable, wanda shi ne ya sa aka yi fassarar Alƙur'ani ta farko zuwa Latin a 1143, ya tara labaran mamatan da suka zo neman addu'a a littafinsa na mu'ujizoji. Masanin tarihi Jacques Le Goff ya nuna a 1981 cewa tsakanin 1170 da 1180 ne sunan *purgatorium* ya bayyana, wato wani masauki tsakanin wuta da aljanna inda ake wanke rai kafin ya wuce, kuma taron majalisar coci na Lyon a 1274 ya amince da aƙidar. Da aka sami wannan masauki sai matattu suka sami wurin fitowa da dalilin fitowa: su roƙi a yi musu sadaka, a biya musu bashi, a yi musu addu'a. Amma a duba sunan da ake kiran su da shi. A ƙarshen 1323 a garin Alès, matar wani mutum mai suna Gui de Corvo ta kai ƙara cewa muryar mijinta da ya rasu tana damun ta a ɗaki. Shugaban limaman Dominikan na garin, Jean Gobi, ya je ya yi wa muryar tambayoyi, rahoton ya bazu a Turai aka fassara shi cikin harsuna da dama. Sunan da aka san rubutun da shi a Latin yana cewa ne ruhin Gui, *spiritus*. Da an kira shi *phantasma* da an rushe shari'ar tun kafin a fara ta, domin daidai yake da a ce matar idonta ne, ko kunnenta, ya yi mata gizo. Yardar mutanen wannan zamani ba ta karya hujjata ba, ƙarfafa ta ta yi: sun yarda, shi ya sa suka guji kalmar.

Rabuwar Kirista a ƙarni na 16 ta fito da abin fili. 'Yan Furotesta sun yi watsi da masaukin tsakiya, kuma in babu shi, rai yana aljanna ko yana wuta, ba mai barin sa ya fito yawo. Ludwig Lavater, malamin coci a Zurich, ya wallafa littafi a 1569 yana cewa abin da mutane ke gani ko dai ruɗun tsoro da rashin lafiya ne, ko zambar mutane, ko shaiɗanu, amma ba matattu ba. An juya littafin zuwa Faransanci a 1571. Amsar Katolika mafi girma ta fito daga wani lauya a Angers, Pierre Le Loyer, a 1586, kuma abin lura shi ne ya fara da rarrabe kalmomi. Ga abin da ya yarda yana nan da gaske, wani abu marar jiki da ke bayyana wa gaɓɓan mutum lafiyayye, ya zaɓi *spectre*. *Fantôme* kuwa ya bar wa mahaukata da masu ciwon baƙin ciki, waɗanda ke ganin abin da babu. Mutumin da ya cika littafi guda don kare samuwar fatalwa shi ne ya ƙi ba ta wannan suna. Gaskiya ne ita ma *spectre* daga gani ta fito, daga aikatau na Latin *specere*, dubawa, kuma Cicero ya ambata a wata wasiƙa cewa wani masanin falsafa mai suna Catius ne ya yi amfani da *spectrum* ga surorin da ke shiga ido. Amma a Faransancin Le Loyer sabuwa ce, ba ta ɗauki ƙurar ƙarni huɗu na ma'anar ruɗu ba, shi ya sa ta yi masa amfani.

Kalmar da ta faɗi abin ba kwana-kwana ita ce *revenant*, mai dawowa, daga *revenir*, komowa. A farkon ƙarni na 18 ta zauna a ƙamus a matsayin suna, kuma ita ce ke kan littafin da Augustin Calmet, wani malamin ruhubanawa na Lorraine, ya fitar a 1746 kan bayyanar ruhohi da gawarwakin da aka ce suna tashi a Hangari da Moraviya, littafin da Voltaire ya yi wa ba'a. *Revenant* tana ɗauke da da'awa cikakkiya: akwai wanda ya tafi, shi ne kuma ya dawo. Ba mamaki da masanin tarihi Jean-Claude Schmitt ya zo rubuta littafinsa na 1994 kan matattun tsakiyar zamani, ita ya sa a bango.

Ita kuwa *fantôme* sai ta sami sana'a. A 1798 wani mutumin Liège mai suna Étienne-Gaspard Robertson ya fara nuna wasa a Faris, daga baya ya koma da shi cikin wani tsohon gidan ibada na Capucines da juyin juya hali ya bari kango. Ana kashe fitilu, ya ɓoye fitilar haska hoto mai taya a bayan labule, in ya ja ta baya surar ta girma kamar tana rugowa kan jama'a, wani lokaci ya haska ta a kan hayaƙi. Sunan wasan *fantasmagorie*. Masu kallo sun biya kuɗi, sun san dabara ce, amma suna ihu. Zuriyar wannan fitila ce ta iso ƙasar Hausa a zamanin Turawa aka kira ta majigi.

Musu na biyu ya fi na farko nauyi. Masana harshe sun daɗe suna gargaɗi cewa asalin kalma ba shi ne ma'anarta ba, ma'ana tana bakin masu magana na yau. Yaro a Lyon in ya ce *fantôme*, mamaci yake nufi lulluɓe da farin mayafi yana jan sarƙa a tsohon gida, bai taɓa jin sunan Aristotal ba. Na yarda da wannan ƙa'ida, kuma da hujjata ta tsaya a kan Girkanci kaɗai da ta faɗi. Amma akwai hanyar gwada abin da ke raye a cikin kalma ba tare da waiwayar tarihi ba, ita ce a duba inda masu harshen ke kai ta idan sun fita daga ma'anarta ta zahiri. Bafaranshe yana kiran kamfanin da ke kan takarda kawai *société fantôme*. Majalisar ministocin da 'yan hamayya ke naɗawa ba tare da mulki ba *cabinet fantôme* ce. A ɗakin karatu, katin da ake sakawa a gurbin littafin da aka cire sunansa *fantôme*. Jaridun Yamai da Yawunde suna rubuta *fonctionnaires fantômes* ga sunayen da ke karɓar albashi babu mai su, kuma mai fassara labarai zuwa Hausa ba ya cewa fatalwa a nan, ma'aikatan bogi yake cewa, kuma ya dace. A duk waɗannan babu wanda ya mutu. Abin da ya haɗa su shi ne siffa tana nan, abin ba ya nan. Sai a gwada *revenant*: idan aboki ya ɓace shekaru sannan ya ɓullo, da wannan kalma ake tarbarsa cikin raha, kuma mutum ne da jininsa da tsokarsa. Kowacce ta tafi da gadonta. Adabi ma haka ya nuna. A labarin Gaston Leroux na 1910, fatalwar gidan opera na Faris mutum ne mai rai da ke ɓoye a ƙarƙashin ginin. Michel Leiris, wanda ya bi tawagar Marcel Griaule daga Dakar zuwa Jibuti tsakanin 1931 da 1933, ya sa wa littafin tafiyarsa na 1934 suna *L'Afrique fantôme*, kuma ba matattun Afirka yake nufi ba, Afirkar da ya taso da ita a ka ce, wadda ya nema bai samu ba. Kalmar Ingilishi *ghost*, 'yar'uwar *Geist* ta Jamusanci, daga ruhi ta fito, shi ya sa tsofaffin littattafan addu'ar Ingila suke kiran Ruhu Mai Tsarki da ita. Faransanci bai taɓa iya yin haka da *fantôme* ba, *esprit* yake cewa.

Saura musu guda, kuma shi ne ya tilasta a daidaita hujjar. Wani zai ce tushen nan na haske da bayyana ai shi ne ya haifi *phénomène*, abin da masu kimiyya ke aunawa, da *épiphanie*, bayyanar da Kirista ke yi wa biki ranar 6 ga Janairu. In 'yan'uwanta suna nufin gaskiyar da ta fito fili, don me za a ce ita ƙarya take nufi? Amsar ita ce ba ƙarya take nufi ba, kuma duk wanda ya fassara ta da ƙarya zalla ya rage mata. Ba ta musun cewa mutum ya ga abu. Abin da ta ƙi yi shi ne ta tsaya masa shaida cewa abin yana waje. Likitanci ne ya fi nuna amfanin wannan bambanci. A tsakiyar ƙarni na 16 Ambroise Paré, likitan fiɗa na sojojin Faransa, ya rubuta cewa mutanen da aka yanke wa ƙafa suna kukan ciwo a ƙafar watanni bayan an cire ta. Descartes ya kawo irin wannan misali a 1641 don nuna cewa ji yana faruwa ne a ƙwaƙwalwa. Likitan Amurka Silas Weir Mitchell, wanda ya duba sojojin yaƙin basasar ƙasarsa, shi ne ya raɗa wa abin suna a 1871 da kalmar da Ingilishi ya aro daga tsohon Faransanci, Faransawa kuma suka ce *membre fantôme*. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin ta, da yawansu da zafi mai tsanani. Likitan da ya ce wa irin wannan majinyaci ƙarya yake yi ya zalunce shi, wanda kuma ya ce ƙafar tana nan ya ɓata aikinsa. Ba za a iya kiran wannan gaɓa *revenant* ba, don ba ta dawo ba, ba kuma za a kira ta *esprit* ba. A shekarun 1990 V. S. Ramachandran ya gwada sa majinyaci ya dubi lafiyayyen hannunsa a madubi ta yadda zai ga kamar wanda aka yanke ne ke motsi, wasu suka sami sauƙin ciwon, kuma har yanzu ana amfani da wannan hanya a asibitocin gyaran gaɓɓai.